In Ɗan'uwa Ya Yi Laifi, Mu Yi Magana Ko Mu Rufe Ido?

  Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, bari ya ɗauko, gama za mu buɗe wurare da dama yau.

Tambayar da ke gabanmu babu gidan da bai taɓa karo da ita ba. Ka ga mutum yana yin abin da ba daidai ba. Za ka yi masa magana ne, ko za ka nemo masa hujja a zuciyarka ka wuce? A ce ƙanenka ne. Kowace ranar kasuwa sai ya bi ta gidan burukutu, kuɗin takin da ya ranto ya ƙare a can, matarsa tana sayar da itace domin yara su ci. A ce dattijon ikilisiya ne mai riƙe da kuɗin ginin majami'a, shekara ta uku ke nan ba a ji lissafi ba. A ce maƙwabciya ce da ta ɗauko yarinya daga ƙauye da alkawarin za ta sa ta makaranta, ga yarinyar nan kullum da tiren talla a kai. Kowa ya gani. Ana maganar a bakin rijiya, ana yin ta a hanyar dawowa daga sujada. Mai abin ne kaɗai ba a faɗa wa ba.

Mun san mutane iri biyu a cikinmu. Akwai mai cewa, "Ina ruwana? Kowa zai amsa nasa a gaban Allah." In ka matsa masa, sai ya buɗe maka Matiyu 7, inda Ubangiji ya gargaɗe mu a kan yanke wa mutane hukunci. Akwai kuma wanda ko ƙuda ba ya wucewa ta gabansa bai tanka ba. Shi kuma tasa ayar tana cikin Ezekiyel 33, labarin mai tsaron gari wanda za a nemi jinin mutane a hannunsa in ya hango abokan gaba bai busa ƙaho ba. Na fari yakan kira tsoronsa haƙuri. Na biyu yakan kira zafin ransa kishin Allah. In kuwa za mu faɗi gaskiya, yawancinmu muna ɗauke da duka biyun. In mai laifin babba ne ko mai kuɗi, sai mu zama na fari. In gwauruwa ce ko yaro, sai mu zama na biyu.

Maganar Allah ba ta ba mu amsa guda da za mu ɗaura wa kowane al'amari ba. Karin Magana 19:11 ta ce darajar mutum ce ya ƙyale laifin da aka yi masa. Littafin nan dai, a 27:5, ya fifita tsautawa a fili bisa ƙaunar da take ɓoye. A sura 26 ma, aya 4 ta hana mu amsa wa wawa, aya 5 da ke biye da ita ta ce mu amsa masa. Marubucin bai manta da abin da ya rubuta ba. Yana nuna mana ne cewa akwai lokacin wannan, akwai lokacin wancan, aikinmu kuwa shi ne mu rarrabe.

Gidan Eli

Bari mu fara da gidan da shiru ya rushe. Eli firist ne a Shilo, ya kuma shugabanci Isra'ila shekara 40. 'Ya'yansa biyu, Hofni da Finehas, su ma firistoci ne. 1 Sama'ila 2 ta faɗa mana abin da suke yi. In mutum ya kawo hadaya, nama yana kan wuta, sai baransu ya zo da cokali mai yatsu uku ya caka cikin tukunya, abin da ya fito nasu ne. Wani lokaci ma tun ba a ƙone kitsen da yake rabon Allah ba, sai su ce a ba su ɗanyen nama, wanda ya ƙi su ƙwace da ƙarfi. Ban da haka suna kwana da matan da suke hidima a ƙofar alfarwa.

Mukan ce Eli bai yi magana ba. Ba haka ba ne. Ya kira su ya tambaye su dalilin da suke yin irin waɗannan abubuwa, ya ce labarin da yake ji a bakin jama'a ba shi da daɗi. Amma iyakar abin ke nan. Bai tsige su daga aiki ba, bai karɓe cokalin ba. Washegari suka koma bakin tukunya. Irin maganar nan ce da mu iyaye mukan yi domin mu sauke nauyi daga wuyanmu, mu iya cewa, "Ai na faɗa masa." Da Allah ya aiko wani mutum nasa wurin Eli, ƙarar da ya kawo ita ce Eli ya girmama 'ya'yansa fiye da Allah, kuma dukansu suna yin ƙiba da mafi kyawun hadayun jama'a. Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Naman da ake ƙwacewa yana shiga gidan Eli. Da wuya mutum ya tsawata wa hannun da ke ciyar da shi. Iyaye nawa ne a cikinmu suka karɓi buhun shinkafa da kuɗin Kirsimeti daga ɗan da ba shi da aikin da aka sani, ba su tambayi inda ya samo ba?

Ƙarshen labarin yana cikin sura 4. Filistiyawa suka kashe sojojin ƙasa 30,000 na Isra'ila, suka ƙwace akwatin alkawari, Hofni da Finehas suka mutu rana ɗaya. Eli yana da shekara 98, idanunsa ba sa gani. Da ya ji labarin akwatin, ya faɗi da baya daga kujerarsa, wuyansa ya karye.

Akwai wani abu game da Eli da ba mu cika lura da shi ba. A sura ta fari, wata mace mai suna Hannatu tana addu'a cikin baƙin ciki saboda rashin haihuwa. Leɓunanta suna motsi, ba a jin muryarta. Nan take Eli ya tsawata mata, ya ce ta bugu da ruwan inabi. Bai tambaya ba, bai jira ba. Mutumin da ya yi shekaru yana lallaɓa 'ya'yansa masu laifi, shi ne ya yi saurin kunyata baƙuwa marar laifi. To, madalla da shi da ya saurare ta, ya kuma sa mata albarka daga baya. Amma wannan hali namu ne, kada mu yi musu.

Shiru iri biyu ne

Wani zai ce, "Ni na yi shiru ne domin zaman lafiya." Sai mu tambaya, wane irin shiru? Akwai shirun da mutum ya yafe, abin ya fita daga ransa, gobe zai ci tuwo da kai a kwano ɗaya. Akwai kuma shirun da ake ajiya.

A 2 Sama'ila 13, Amnon ɗan Dawuda ya yi wa ƙanwarsa Tamar fyaɗe. Sarki Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma ba a rubuta cewa ya yi wani abu ba. Absalom, wanda yake uwa ɗaya da Tamar, bai ce wa Amnon kome ba, mai daɗi ko marar daɗi. Mai kallo daga waje zai ce Absalom yaro ne mai haƙuri. Bayan shekara 2 cif, ya shirya biki lokacin sausayar tumaki, ya sa barorinsa suka kashe Amnon, ya gudu ya yi shekara 3 a Geshur. Tamar kuwa ta zauna a gidan wanta cikin kaɗaici, ba wanda ya bi mata hakki.

Shi ya sa Littafin Firistoci 19:16-18 ya haɗa abubuwa huɗu wuri ɗaya. Ya hana yawo da tsegumi cikin jama'a. Ya hana ƙin ɗan'uwa a zuci. Ya umarta a tsauta wa maƙwabci a fili domin kada a yi tarayya cikin zunubinsa. Sa'an nan ya zo da umarnin ƙaunar maƙwabci kamar kai, wanda Yesu ya kira na biyu cikin manyan dokoki. Maganar da ka hana ta fita ta ƙofa, za ta fita ta taga. Ko ta zama tsegumi, ko ta zama ƙiyayya. Saboda haka ga gwajin da za ka yi wa kanka. In ka ce ka ƙyale, shin ka daina faɗa wa mutane? Ka daina jin zafi in ka hango shi? In ba haka ba, ba ka ƙyale ba tukuna. Sai ka zaɓi ɗaya, ko ka yafe da gaske, ko ka je ka same shi.

Abubuwan da ya kamata mu bari su wuce

Yawancin abin da ke ɓata mana rai da juna bai kai a zauna a kansa ba. Ba ta gaishe ka da kyau ba. Ya ari fartanya ya dawo da ita a makare. An raba abinci a bikin aure ba a kai wa gidanku da wuri ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, ko harshe da haƙori ma sukan saɓa. Manzo Bitrus ya koya mana cewa ƙauna tana rufe zunubai masu yawa, irin waɗannan kuwa su ne abincinta na kullum. Gidan da ake kafa shari'a a kan kowane ƙaramin abu, yara sukan koyi ɓoye manyan.

Akwai kuma abin da ba zunubi ba ne sam, bambancin al'ada ne kawai. Wannan ya shafe mu ƙwarai. A ikilisiya guda a gari za ka tarar da Berom, da Ngas, da Bajju, da Tangale, da Bachama, da Jukun, Hausa ce ta haɗa mu a sujada, amma kowa da yadda aka rene shi. Wani a gidansu dole mace ta durƙusa in za ta gaishe da suruki, wani a nasu ba haka ake yi ba. Naman da ake ci a wata ƙabila, wata ba ta ko son jin sunansa. Ikilisiyar Roma ta sha irin wannan. Waɗansu suna cin kome, waɗansu ganye kawai, waɗansu suna ɗaukaka wata rana, waɗansu duk ranaku ɗaya ne a gare su. A Romawa 14, Bulus bai ce wani ɓangare ya je ya gyara ɗayan ba. Ya hana mai ci raina marar ci, ya hana marar ci hukunta mai ci. Kafin ka tashi yi wa mutum faɗa, tambayi kanka, Allah ne ya hana abin nan, ko a gidanmu ne ba a yi?

Sa'an nan akwai abin da ba huruminka ba ne. Wani mutum ya taɓa roƙon Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, Yesu ya ƙi zama alƙalinsu (Luka 12:13-14). Karin Magana 26:17 ta kwatanta mai tsoma baki cikin faɗan da ba nasa ba da mai kama kunnuwan kare. Bulus ma ya gaya wa Korantiyawa cewa ba aikinsa ba ne ya hukunta waɗanda suke waje da ikilisiya. Maƙwabcinmu da ba ya bin bangaskiyarmu bai yi alkawarin baftisma tare da mu ba, ba za mu auna shi da mudun ikilisiya ba. Sai dai in ana cutar wani, ko rai yana cikin hatsari. Za mu dawo kan wannan.

Ka tabbata tukuna

Labarin da muke so mu daɗe a kansa kaɗan yana cikin Joshuwa 22, ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Bayan an gama yaƙi, kabilar Ra'ubainu, da ta Gad, da rabin ta Manassa suka kama hanyar komawa ƙasarsu a hayin Urdun. Da suka kai bakin kogin, suka gina babban bagade. Labari ya kai wa sauran kabilu cewa 'yan'uwansu sun tayar wa Allah, sun yi wa kansu wurin hadaya dabam. Jama'a suka taru a Shilo domin su tafi yaƙi. Ku duba fa, mutanen da suka yi shekaru suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa, ga su za su kashe juna a kan labarin da aka ji.

Abin da ya cece su shi ne, kafin su zare takobi sun aiki Finehas ɗan Ele'azara (ba ɗan Eli ba, wannan ya riga shi da nisa) tare da shugabanni 10. Jakadun ba su ɓoye damuwarsu ba, sun faɗe ta da zafi. Amma sun haɗa da tayi, suka ce in ƙasar hayi ce ba ta yi musu ba, su haye su zauna a tsakiyarsu. Wato a shirye suke su rage gonakinsu domin 'yan'uwansu su tsira. Sa'an nan suka saurara. Ashe ba domin hadaya aka gina bagaden ba. Tsoro ne ya sa. Mutanen hayi suna gudun kada wata rana jikokin wancan ɓangare su ce wa jikokinsu ba su da rabo cikin Ubangiji tun da kogi ya raba su. Bagaden shaida ce cewa su ɗaya ne. Abin da aka ɗauka tawaye ne, ashe neman zumunci ne. Yaƙi bai auku ba.

Mu da muka ga yadda jita-jita take ƙone ƙauyuka, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yanzu ma abin ya fi sauri, tun da saƙo ɗaya a WhatsApp yana zaga ikilisiya duka kafin mai abin ya farka. Dattijon nan mai kuɗin gini, wataƙila ya ci. Wataƙila kuma kuɗin yana nan, lissafi ne ya rikice masa, kunya ta hana shi faɗa. Ba za ka sani ba sai ka tambaya. Saboda haka maganarka ta fari ta zama tambaya, kada ta zama hukunci.

A nan ne Matiyu 7 take da wurinta. Yesu bai ce a bar ɗan hakin da ke idon ɗan'uwa ba. Ya ce a fara cire gungumen da ke naka, domin ka gani sosai ka cire nasa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya fara kuka a kan nasa zunubi, hannunsa yakan yi laushi in ya taɓa idon wani.

Yadda za a je

Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya. Ka je wurinsa, ku biyu kaɗai. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, bisa ga ƙa'idar shaidu da ke Maimaitawar Shari'a 19:15. In ya ƙi su, sai a kai wa ikilisiya. Nufin kuwa, bisa ga bakin Ubangiji, shi ne ka maido da ɗan'uwanka. Gab da wannan wuri ya ba da misalin tunkiyar da ta ɓata, bayansa kuma Bitrus ya yi tambaya a kan yawan gafara. Tsakanin neman ɓatacce da gafara aka dasa maganar tsautawa.

Mu kuwa mukan fara daga ƙarshe. Kowa ya ji, sa'an nan mai laifi. Muna da dabaru kuma. Wata za ta tashi a taron zumuntar mata ta ce, "A sa wata 'yar'uwa cikin addu'a," ta yi bayanin da ko yaro zai gane wadda ake nufi. Mu masu wa'azi ma ba mu tsira ba. Sau nawa muka hau bagade muka yi wa mutum guda habaici na rabin sa'a, alhali gidansa bai fi taku ɗari daga namu ba? Wannan tsoro ne ya sa rigar wa'azi.

Dubi Bilkisu da Akila, masu ɗinkin alfarwa (waɗansu juyi suna rubuta sunanta Biriskila). A Afisa suka ji Afolos, mutumin Iskandariya, gwanin magana, masanin Littattafai, yana koyarwa cikin majami'a. Koyarwarsa tana da giɓi, baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Ba su katse shi a gaban jama'a ba. Suka ja shi gefe, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Daga baya ya haye Akaya ya zama babban taimako ga masu bi. Da sun kunyata shi ran nan, wa ya san abin da ikilisiya za ta rasa?

Wani zai ce, "A al'adarmu yaro ba ya gyara babba." Gaskiya ne, kuma Littafi bai rushe ladabi ba. Bulus ya gaya wa Timoti kada ya tsauta wa dattijo da kakkausar murya, sai dai ya roƙe shi kamar uba, tsofaffin mata kuma kamar uwaye. Amma roƙo ma magana ce. Sa'ad da Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya juya cikin fushi domin Elisha ya ce ya yi wanka a Urdun, barorinsa ne suka matso. Suka kira shi baba, suka tambaye shi, da annabin ya sa shi wani abu mai wuya, ashe, ba zai yi ba? Ya sauko ya nutsa sau 7, ya warke daga kuturta. Annabi Natan ma, da zai fuskanci Dawuda a kan matar Uriya, da labari ya shiga, na mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta matalauci. Sai da Dawuda ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan Natan ya nuna masa cewa shi ne mutumin. Labarin ya buɗe ƙofa, amma Natan bai tsaya a bakin ƙofa ba. Matsalarmu ita ce mukan yi ta kewaye-kewaye har mu tashi, mutumin bai san abin da ya kawo mu ba.

In kuwa ba za ka iya zuwa da kanka ba, al'adunmu suna da hanya mai kyau, a nemi kawu, ko gwaggo, ko abokin da yake jin maganarsa. Ba laifi, muddin mutum ɗaya ne ka faɗa wa, kuma domin ya je ne. Lokaci ma yana da muhimmanci. Abigel ta tarar da mijinta Nabal a buge, ba ta ce masa kome ba sai da gari ya waye, giya ta sake shi. Ƙanen nan naka, kada ka tare shi a ƙofar gida da dare yana tangaɗi, a gaban 'ya'yansa. Ka same shi da safe a gona, ku yi kunya biyu ko uku tare, sa'an nan ka ce, "Ƙanena, akwai abin da ke damuna." Ka faɗi abin da ka gani da idonka, ka bar abin da aka ce. Ka kuma zo da abin da za ka iya yi, ko rakiya zuwa kasuwa, ko riƙe masa kuɗin amfanin gona in ya yarda.

Inda ba a rufewa

Akwai lokacin da magana a ɓoye ba ta isa ba. A Antakiya, Bitrus yana cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba. Da waɗansu suka zo daga wurin Yakubu, sai ya janye jikinsa saboda tsoronsu. Sauran Yahudawa suka bi shi, har Barnaba. Bulus ya tsaya masa ido da ido a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14). Me ya sa bai ja shi gefe ba? Domin laifin a fili aka yi shi, babban shugaba ne ya yi, kuma yana raba jikin Almasihu gida biyu bisa ga kabila. Waɗanda aka ƙyamata suna zaune a wurin, suna bukatar su ji da kunnensu cewa ba a yarda da abin ba. In lokacin zaɓen dattawa ya zo, aka fara raɗa cewa wane ba ɗan ƙasa ba ne, kada a ba shi, to, mun isa Antakiya. Bulus dai ya kafa wa Timoti iyaka, kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma wanda ya nace da zunubi a tsauta masa a gaban kowa. Neman lissafin kuɗin jama'a a taron jama'a ba rashin ladabi ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yanzu ga magana mai nauyi, muna roƙo ku ji ta da kyau. In ana lalata yaro ko yarinya, in miji yana dukan matarsa har tana jin rauni, in ana azabtar da 'yar aiki da yunwa da bulala, wannan ba ya cikin abin da ƙauna take rufewa. Kada kowa ya ce wa yarinyar da aka ɓata ta je ta sami mutumin su biyu kaɗai wai domin Matiyu 18. A cikin wannan sura ce Yesu ya yi maganar dutsen niƙa da za a rataya a wuyan mai sa ƙanana tuntuɓe. Abu na fari shi ne a fitar da wanda ake cuta daga hatsari, a kai shi asibiti in da bukata. Sa'an nan a sanar da hukuma. Romawa 13 ta ce mai mulki bawan Allah ne domin hukunta mai mugunta. Nijeriya tana da dokar kare hakkin yara tun 2003, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, jihohi da yawa kuma sun amince da su. Mun sani abin da akan ce, "Kada a ɓata sunan gida, kada a ɓata sunan ikilisiya, a sasanta a cikin ɗaki." Haka aka yi a gidan Dawuda. Mai laifi yana iya tuba, Allah kuma yana gafartawa, amma tuban gaske ba ya gudun hukunci, ba ya kuma neman a mayar da shi cikin yara.

Bayan an yi magana

Ba kullum ake jin magana ba. Kana iya bin kowace ƙa'ida, mutumin ya zage ka, ya daina gaishe ka. Mai tsaron da ke Ezekiyel ba a ce dole mutane su gudu ba, an ce dole ya busa ƙaho. Kada ka mayar da abin waƙar kullum. Ka faɗa, ka sake faɗa tare da shaida in babban abu ne, ka ci gaba da addu'a, ka ci gaba da gaisuwa. In yaransa suna jin yunwa, ka aika da hatsi ta hannun matarsa.

In kuwa ya ji, sauran aiki yana kanmu. A ikilisiyoyinmu da yawa, wanda aka sa a horo yakan zauna a bencin baya, ba ya cin Jibin Ubangiji har wa'adinsa ya cika. Mun iya sa mutum a can. Fitar da shi ne ba mu iya ba. Majalisa takan maido da shi cikin wata shida, bakin jama'a kuwa ya riƙe shi shekara ashirin. Ikilisiyar Koranti ta yi kuskuren nan ta fuska biyu. A wasiƙa ta fari, sura 5, Bulus ya tsawata musu domin suna fahariya alhali wani a cikinsu yana zama da matar ubansa. A wasiƙa ta biyu, sura 2, sai ga shi yana roƙonsu a kan wani da aka hora, yana cewa horon ya isa, su gafarta masa, su ta'azantar da shi, kada yawan baƙin ciki ya haɗiye shi. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da irin wannan mutum cikin tawali'u, mai komo da shi kuma ya kula da kansa kada shi ma a jarabce shi. Ba mu ga inda aka hana dattijo ko shugabar zumunta tashi daga kujerar gaba ta je ta zauna kusa da yarinyar da ke bencin baya ran Lahadi ba. Mun kuma lura cewa sau da yawa ita kaɗai ce a bencin, wanda ya yi mata cikin yana can cikin mawaƙa. Wannan ma tambaya ce da majalisar ikilisiya za ta amsa.

A magana ta gaba, in Ubangiji ya yarda, za mu juya kujerar, mu duba yadda Dawuda da Saul suka amsa sa'ad da aka tsauta musu. Kafin nan ku karanta 1 Sama'ila 15 da 2 Sama'ila 12 tare da iyalinku. Ku huta lafiya.